Daren da muka taru a kan wuyan kifi a ƙarƙashin gadar jirgi a Tokyo

Kafin in taso daga gida duk wanda ya taɓa zuwa Japan magana ɗaya yake min, wai in cika jaka da garin kwaki da ƙuli-ƙuli don mutanen nan abincinsu ɗan tsit ne, loma uku ka gama. Kilishi kam an ja min kunne kar ma in soma, ba a shiga ƙasar da nama, a filin jirgi zasu karɓe, har karnuka ne da su masu sunsunar jaka. Kuma gaskiya a farkon kwas ɗin da ya kai ni Tokyo abin da na gani kenan, a kawo maka tire an jera ƴan kwanuka ƙanana ƙanana, nan shinkafa nan ɗan yankin kifi nan ɗan ganye, komai tsaf gwanin sha'awa amma kana tashi kaji kamar baka fara ba. Da nayi wa abokina ƙorafi, wani Bakano ne da ya jima a can yana digirinsa na uku, sai yayi dariya yace mutumina bari Juma'a tazo akwai inda zan kai ka, amma da sharaɗi, daga an idar da sallar Juma'a kar ka ƙara sa komai a bakinka sai ruwa.

Ranar a masallacin Tokyo Camii muka haɗu, wanda ke kusa da tashar Yoyogi-Uehara. Masallaci ne irin ginin Turkiyya, ga ƙubba ga hasumiya doguwa siririya, asalinsa Musulmi Tatar da suka gudo daga Rasha ne suka gina na farko a 1938, ya tsufa aka rushe, wannan da ke tsaye yanzu a 2000 aka buɗe shi. Da yake lokacin sanyi ne rana tun kafin ƙarfe biyar ta faɗi, ƙarfe shida da ƴan mintuna mun yi Isha'i mun gama. A nan ya gabatar da ni ga sauran tawagar. Akwai wani Alhaji dattijo haifaffen Zangon Kumasi, ya shekara da shekaru a Saitama, kusa da Tokyo, yana harkar tura motoci da kayan gyaransu zuwa gida, Hausarsa irin ta Gana mai daɗin ji. Akwai wani ɗan Indonesiya da matarsa, su ma ɗalibai. Na shidanmu, wanda shi ne ya shirya komai, Bajapane ne abokin karatun Bakanon, shi can tasha yake jiranmu.

Sai da muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Chiyoda sannan mutumina yace min ai wurin izakaya ne. Na riga na san menene, irin wuraren nan ne da ma'aikata ke tsayawa bayan an tashi daga ofis su ci su sha, kuma shan nan har da giya. Wallahi sai da naji wani iri, nayi shiru. Alhaji ya lura, ya dafa gwiwata yace ɗana, a ƙasar nan da wuya ka samu gidan abincin da babu ita, ko ɗan kantin bakin hanya da kake sayen burodi tana cikin firij ɗinsu, abin da muka iya shine teburinmu ba za a ɗora ta ba, kuma abin da zai shiga cikinmu mun san menene. Na san cikin masu karanta wannan akwai wanda zai ce shi ko ƙofar ba zai taka ba, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, wanda zuciyarsa bata kwanta ba ya zauna abinsa. Ni abin da ya kwantar min da hankali shine jin irin wahalar da Bajapanen nan ya sha saboda mu. Ashe tun farkon mako ya buga musu waya, ya kama mana tebur na can lungu, ya bi abincin ɗaya bayan ɗaya shi da kuku, wanne ne akwai alade, wanne ne ake zuba wa sake ko mirin, don su waɗannan biyun giyar shinkafa ce kuma a girkinsu kusan ko'ina suna ɗan ɗiga ta. Sannan shi da kansa yace daren ranar ba zai sha ba, shayi zai sha tare da mu. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba abin da ya haɗa ni da shi sai abota da abokina.

A Hibiya muka sauka muka taka zuwa Yurakucho. Unguwar tana tsakanin Ginza, inda kantunan masu hannu da shuni suke, da wajen fadar sarkin Japan, amma kana karya kwana sai ka tsinci kanka a wata duniya daban. Doguwar gada ce ta jan bulo wadda jiragen ƙasa ke bi ta kai, tun wajen 1910 aka gina ta, ta ga girgizar ƙasar 1923 ta ga ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu kuma har yau jirgi na bi. A ƙarƙashinta, cikin kowace baka ta ginin, an cusa gidan abinci. Jajayen fitilun takarda a rataye, hayaƙin gawayi ya cika lungun, maza cikin baƙaƙen kwat sun sassauta wuyan riga suna zaune a kan ƴan kujeru wasu ma a kan kiret, ga hayaniya. Ni da na saba ganin mutanen nan tsit a jirgi ko tari basa son yi, sai gashi suna ƙyaƙyata dariya har da buga tebur.

Muka ɗaga ɗan guntun labulen da ke bakin ƙofa muka shiga, ma'aikatan gaba ɗaya suka haɗa baki suka ƙwala irasshaimase, maraba kenan, har na kicin da baya ganinmu. Rufin a lanƙwashe yake, a gefe dogon mutum sai ya sunkuya, bango duk an manne shi da dogayen takardu an rubuta sunayen abinci da hannu, kuma duk bayan ƴan mintuna sai kaji gurrrr a samanka, kofuna su ɗan yi rawa, ba wanda ma yake ɗaga kai. Muna zama aka miƙo wa kowa ɗan tawul mai zafi ya goge hannu, cikin sanyin nan ba ƙaramin daɗi yayi ba. Sai aka ajiye wa kowa ɗan kwano da bamu ce a kawo ba. Wannan shi suke kira otoshi, kusan kuɗin zama ne, yawanci yen 300 zuwa 500 kan kowane mutum, zaka ganshi a bil ko ka ci ko baka ci ba. Na sauran tebura dafaffen kayan ciki ne na alade, mu kuma an canza mana da kabeji da gishiri da man riɗi. Aka kawo shayin oolong mai sanyi a manyan kofuna masu hannu, Bajapanen ya ɗaga nasa, muka ɗaga namu, shi yace itadakimasu mu muka yi Bismillah.

Yace mu shida ne don haka kala biyar zai ce a kawo. Ni a raina nace kala biyar ga ƙarti shida da suka yini da yunwa? Ya ɗaga hannu ya ƙwala sumimasen, wata yarinya ta taho da gudu da ƴar takardarta, abu na farko da ya faɗa mata shine wuyan tuna, wani ƙaton kifin teku, yace shi sai an fara sa shi a wuta tun yanzu don yana ɗaukar fiye da rabin awa.

Na farko da ya iso salak ne na daikon, wani farin tushe mai ruwa-ruwa da ɗan yaji-yaji, an yanka shi siri-siri an tula. Da yarinyar ta ajiye sai na daina ganin fuskar matar ɗan Indonesiyan da ke zaune gabana, tsabar tudu. Bayansa dafaffen ɗanyen waken suya a cikin kwansonsa an barbaɗa gishiri, cike da kwando, kana matsawa da haƙori ƙwayar ta faɗo. Sannan aka kawo sashimi, ɗanyen kifi, kuma shi mutum biyu ne suka ɗauko farantin. An shimfiɗa ƙanƙara an jera yanka-yanka, ja wur na tuna, mai ruwan goro na salmon, farare, ga jatan lande da kawunansu, kowane yanka kaurinsa ya kai yatsa, ba irin shara-sharan nan da na gani a wasu wurare ba. Na san Bahaushe da jin ɗanyen kifi zai yamutsa fuska, amma ku yarda da ni ba ƙarni ko kaɗan, sanyi ne da laushi da wani ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe. Matar nan ta buɗe jakarta ta ciro ƴar kwalbar shoyu, baƙin ruwan waken suyan da ake dangwalawa, mai tambarin halal, tace ita duk inda zata da abinta take tafiya saboda wasu na kasuwa ana ƙara musu sinadarin giya don kar su lalace. Ta zuzzuba wa kowa. Koren yajin nan wasabi kuma ɗan kaɗan ake lakata, baya zafi a harshe, hanci yake hawa ya wuce nan take.

Muna cikin wannan aka wuce da soyayyar kaza zuwa teburin da ke kusa da mu, an gina ta hawa-hawa har yarinyar na tafiya a hankali kar ta rushe, teburin gaba ɗaya suka sa ihu suka fiddo wayoyi. Mu bamu ce a kawo ba, don ba yankan Musulmi bane kuma a cikin sake ake jiƙa ta, amma ƙamshin kam ya iso mana.

Na tambayi Bajapanen ta yaya suke cin riba da irin wannan zubi. Yace maigidan da kansa yake sammako kasuwar kifi ta Toyosu, wadda ta maye gurbin tsohuwar kasuwar Tsukiji a 2018, kuma ba ya bin sassan da manyan gidajen sushi, abincin nan nasu na shinkafa da ɗanyen kifi, na Ginza ke rububi. A kasuwar nan ne fa a Janairun 2019 aka sayi tuna guda ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6 a gwanjon farkon shekara. To amma kifi ba tsokar ciki kaɗai gare shi ba, akwai kai, akwai wuya, akwai naman da ke maƙale a ƙashi, waɗannan da araha ake samunsu kuma wanda ya san kifi ya san can daɗin yake. Sauran ribar kuma a abin sha take. Shi yasa ko da baka shan giya ana so ka sayi wani abin, kuma mu ma bamu yi ƙwauro ba, shayi muka yi ta sha ana sakewa.

Sai ga wuyan tunan nan. Kai jama'a. Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu, a lanƙwashe, da fiffiken a jiki, fatar ta ƙone tayi baƙi gishiri ya bushe a kanta fari-fari, mai yana tsiyaya yana tsuwwa tun a faranti. A gefe an tula gurzajjen daikon da rabin lemon tsami. Babu wani haɗi, gishiri ne da wutar gawayi kawai. Bajapanen ya sa tsinkayensa na cin abinci ya ɗaga fatar sai tururi ya taso, naman ciki kala-kala ne, na sama fari-fari yana ɓarewa sala-sala, na can kusa da ƙashi kuma duhu ne mai maiƙo, yana narkewa a baki, in an rufe maka ido zaka rantse naman dabba ne ba kifi ba. Ya fara zaƙulowa yana sa wa kowa a ɗan farantinsa, Alhaji ya fara ba wa, ashe su ma sun san girman na gaba. Amma abin da tsinke zai iya kaɗan ne, ƙashin duk lunguna ne da ramuka kuma nan naman ya ɓuya. Alhaji ya ajiye tsinkensa ya goge hannu da tawul, ya dubi Bajapanen ya tambaye shi cikin Japananci ko ba laifi ya sa hannu. Yace ba komai. Minti biyu ba'a yi ba duk mun ajiye tsinkaye, har shi Bajapanen ya naɗe hannun riga, kawuna shida sun haɗu a kan faranti ɗaya, wannan ya ɓaro ya tura wa wancan, wancan yace ga wani ramin nan baku gani ba. Rabona da jin abin da naji a lokacin tun muna yara a zauren gidanmu, an ajiye tire ɗaya mun kewaye shi, babban yaya yana tura wa ƙarami nama ta gefensa.

A nan na gane abin da wurin nan yake sayarwa. Tun zuwana Tokyo nake ganin mutane suna cin abinci su kaɗai, akwai gidajen taliya da har katanga ake sa wa tsakaninka da na kusa da kai, ka sayi tikiti a na'ura ka ci ka fita baka ce wa kowa uffan ba, kuma abin yana damuna fiye da ƙanƙantar abincin. Shi kuwa wannan farantin mutum ɗaya bai isa ya tunkare shi ba, ko biyu. Dole ka nemo mutane, dole ka kira wanda kuka daɗe baku gaisa ba kace zo ka taya ni. Duk teburin da na duba babu mai faranti nasa na kansa, komai a tsakiya yake.

Wani dattijo a teburin masu kazar, fuskarsa tayi ja, ya juyo ya tambayi daga ina muke. Da yaji Najeriya sai ya ɗaga yatsu biyar a hannu ɗaya huɗu a ɗayan yana girgiza kai yana dariya. Bakano ne ya fara ganewa, wasan Olamfik na 2016 a Brazil yake nufi, da yaranmu suka sauka a Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasa suka ci Japan 5 da 4, Etebo shi kaɗai ya zura huɗu. Ya so ya sa a kawo mana giya don karramawa, Bajapanenmu ya yi masa bayani a hankali, sai dattijon ya miƙe ya sunkuya ya bada haƙuri, can sai ga yarinya ta kawo mana lemon kwalba shida inji shi. Mu kuma muka tura musu rabin kwandon wakenmu.

Kala na biyar ƙafafun ƙaguwa ne dafaffu, dogaye, aka haɗo da almakashi. Lokacin ciki ya riga ya ɗauka, kowa ya jingina yana numfashi, ga ƙaguwa ga sauran salak ga kusan kashi ɗaya cikin uku na sashimi. Nace to a ƙulle mana mu tafi da shi mana. Bajapanen yace ɗanyen kifi kam ba zasu yarda ba, tsoron kar ya lalace a hanya mutum ya ci ya kwanta, gidajen abinci da yawa a can basa bada ragowa a tafi da ita. Kuma barinsa a faranti abin kunya ne a wurinsu, tun suna yara ake hana su barin ko ƙwayar shinkafa. Yace duk da haka ƙasar na zubar da abinci mai yawa, a lissafin gwamnati na shekarar 2022 tan miliyan 4.72 ne na abincin da za'a iya ci, har doka aka yi a 2019 don rage abin. Ya bamu labarin wata dabara da birnin Matsumoto ya fito da ita, suna ce mata 30-10, wato in an je walima minti 30 na farko kowa ya zauna a kujerarsa ya ci kar a tashi yawon gaishe-gaishe, minti 10 na ƙarshe kuma kowa ya dawo mazauninsa a share abin da ya rage. Ya duba agogo, da yake awa biyu ake ba kowane tebur a daren Juma'a, yace to lokacinmu ya kusa. Alhaji yace ai mu ma almubazzaranci haramun ne a wurinmu, samari ku gyara zama. Ya karɓi almakashin ya dinga fasa ƙafafun yana zaro naman yana rabawa, ana hira ana ci a hankali, ɗan Indonesiyan na bamu labarin azuminsa na farko a Japan cikin zafin bazara, har muka ga bayan komai. Yanka ɗaya na tuna ya rage a tsakiyar ƙanƙara kowa ya kau da kai yana jin nauyi, Alhaji ya ɗauka ya sa wa matar ɗan Indonesiyan yace ke ce ƙaramarmu kuma ke kika kawo mana shoyu.

Wajen biya an ɗan ja. Alhaji ya zaro walat yace shi ne babba ba yaron da zai biya a gabansa, Bajapanen kuma ya dage cewa in abokai suka fito raba bil ake yi daidai wa daida don kar wani ya tafi da nauyin wani a ka. Da ƙyar aka sasanta, aka raba shida amma Alhaji ya ɗauki na ɗaliban nan biyu mata da miji. Abin da ya faɗo kan kowa bai kai yen 5,000 ba. Tukwici kuma ba'a bayarwa, in ka bar canji a tebur biyo ka zasu yi da shi har titi. Da zamu fita kukun ya leƙo ta tagar kicin da ɗaurin tawul a ka, ya kalli farantin wuyan kifin da ba abin da ya rage sai farin ƙashi, ya ɗaga mana babban yatsa, muka haɗa baki muka ce masa gochisosama kamar yadda aka koya mana.

Duk wanda Allah ya kai shi kuma yake son gwadawa, kar ku je ƙasa da mutum biyar, ku samu mai jin Japananci ya kira tun kafin ranar, ku tsaya a kan kifi da abin da aka gasa da gishiri zalla, ku bar duk mai romo ko miya sai an tabbatar muku da abin da ke ciki. Kuma ku lura da agogo don jiragen Tokyo ba kwana suke suna aiki ba, sha biyun dare na wucewa kaɗan suke tsayawa, kuɗin tasi kuma ba'a magana.

A tashar Yurakucho muka rabu, Alhaji zai hau layin Keihin-Tohoku zuwa Saitama mu kuma Yamanote. Kafin jirginsa ya iso ya riƙe hannun Bajapanen yace ran Lahadi dukkanmu gidansa, Hajiya zata tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, kuma can ba tsinke ba cokali. Bajapanen ya fiddo waya ya rubuta sunan tashar da zai sauka, yana tambayar Bakano wanne hannu ne ma ake ci da shi.